Diddigen Takalmin Orsala

Ƙarfe biyun dare a Marikina.
Ruwa na dukan kwano tun faɗuwar rana,
fanka na girgiza kai kamar mai cewa a'a,
ni da fensir mun cije a shafi na sha ɗaya.

Kamfanin wasan ya aiko mini da ita
yadda ake kai wa tela awo:
gaba, baya, gefe,
tsawon takobi, faɗin kafaɗa,
ƙulli bakwai a ɗamara.
Orsala.
Duniya ta san ta, amma ta ƙeya,
don a wasan bidiyo bayanta kake bi,
tana gudu, kana danna maɓalli.
In ta faɗa rami ta mutu,
kafin ka haɗiye yawu ta miƙe
da sabon sulke, ko ƙura babu.

Marubuci kuwa ya ce a gida na huɗu
ta zauna bakin hanya ta cire takalmi.

Na tashi Rodel, ɗan ƙanwata,
wanda ya cinye wasan sau uku.
Ya murza ido ya ce,
"Tita Dalisay, ai ba ta zama.
Babu maɓallin zama."
Na ce to sa ta tsalle in gani.
Ta yi arba'in ina ƙirgawa.
Kowane karo a ƙafar hagu take dira.

Babana Eulogio shekara talatin da takwas
yana ɗinkin takalmi a layin nan.
Ba ya duban fuskar mutum da farko.
Sai ya kife takalmi a cinya,
ya shafa diddige da babban yatsa
ya ce, kai kana ɗaukar kaya a dama,
ke kuma gwiwarki ta fara ciwo, kina ɓoyewa.
Bai taɓa kuskure ba sai a kan limamin coci.

Sai na feƙe fensir.
Na sauke ta a kan dutse,
na bar kafaɗun su zube,
na kwantar da takobin a ciyawa kamar tsintsiya.
Takalmin hagu na hannunta a kife,
diddigen ya cinye ta waje,
akwai ƙusa ɗaya da ta leƙo.
Tana dubansa yadda ake duban
wasiƙar da ta daɗe a hanya.
Gefen hannuna ya yi baƙi ƙirin,
kofi ya huce, sauro ya ci rabonsa.

Da safe saƙo ya zo daga Montréal,
can su dare ne.
Edita ta ce shafi ya yi kyau ƙwarai,
amma ƙullin ɗamara shida na zana,
kuma kamfani ya ce
takalmin Orsala ba ya tsufa.

Na ƙara ƙulli na bakwai, wannan laifina ne.
Na ɗauki roba na goge diddigen,
na hure ɓurɓushin,
na zana sabo, sumul, kamar daga kanti.
Sai dai jiya hannuna ya yi nauyi.
Layin ya tafi, kwarinsa na nan a takarda,
in ka karkata ta ga taga sai ka gani.

Yau shafin zai hau babur zuwa Pasig,
wurin Mang Crisanto mai sa tawada,
wanda zai bi bayana da buroshi
ya rufe duk abin da na yi,
a goge fensirina kaf, haka aikin yake.
Ban rubuta masa komai a gefe ba.
Na dai san idonsa ya yi rauni bana,
kuma kafin ya tsoma buroshi
yakan shafa takarda da yatsa.

Rodel ya kunna wasa.
Tana gudu.
Na jawo shafi na sha biyu.